Ɗan Kunnen da Ya Haɗa Kawunnaina Faɗa

Shekarar da na gama kwalejin horar da malamai a Gumel, na koma gida Sule Tankarkar da takardar shaida a leda, da kuma wani ciwo da ba a sayar da maganinsa a kemis: ba na iya ganin rubutun Turanci in wuce ban gyara shi ba. Shekara uku na yi ina karatun Turanci, aiki kuma bai fito ba, sai ilimin ya rasa inda zai zuba, ya riƙa tsiyaya a kan duk wanda tsautsayi ya haɗa ni da shi. Na gyara wa mai kemis ɗin unguwarmu allonsa. Na tare wani direban akori-kura a tasha na nuna masa kuskure biyu cikin kalma huɗun da ke bayan motarsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi na kusa da shi ko daga asibiti aka sallamo ni. Katin ɗaurin auren abokina ma sai da na bi shi da jan biro.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yi haƙuri wata huɗu. Ranar da maƙwabcinmu ya kawo mata ƙarata ta ce, "Tattara kayanka ka tafi Maigatari wajen kawunnanka, ka zauna a shago har aikin ya fito. Can ƙarfe ake sayarwa, ƙarfe kuwa ba ya jin haushi."

Kawunnan nawa biyu ne, ƙannen Inna, uwa ɗaya uba ɗaya. Shagonsu na kan titin da ya nufi bakin iyaka, suna sayar da kayan babur: taya, tib, sarƙa, fulogi, birki, baƙin mai, daga baya suka ƙara da injin ban-ruwa da na feshi. Babban ya je Makka, don haka kowa Alhaji yake ce masa. Mutum ne mai jiki, mai son hira da dariya, in ya zauna a farar kujerarsa ta roba sai ƙafafunta sun ɗan baje. Ƙaramin siriri ne, ba shi da yawan magana, kuma ko an ɗauke wuta ya san inda kowane noti yake a cikin shagon. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Aka tsara mini karin kumallo a gidan Alhaji, tuwon dare a gidan ƙaramin.

A saman ƙofar shagon akwai allon kwano, shuɗi da farin rubutu, ya shekara tara a wurin. Ranar da na sauka daga mota, shi na fara gani kafin in ga fuskar kowa:

BROTHER'S MOTORCYCLE SPARE PART'S, TYRE'S AND TUBE'S

Turanci yana da wani ɗan waƙafi da ake ratayawa a sama kusa da harafin s. Aikinsa nuna mallaka ne, wato abu kaza na wane ne. Ba a sa shi don kawai abu ya yi yawa. Wanda ya rubuta allon nan kuwa duk inda ya ga s a ƙarshen kalma sai ya rataya mata shi. Na yi kwana shida ina shiga ina fita a ƙarƙashinsa ban ce uffan ba. Ban taɓa haƙuri irin wannan ba, kuma babu wanda ya yaba mini.

Ran Laraba, jajiberin kasuwa, Alhaji ya tafi Kano saro kaya kamar yadda ya saba. Rana ta take, babu ciniki. Muna zaune a benci ni da ƙaramin kawu, yana jera fulogai a kwali, sai ya ce, "Wai shekara ukun nan me aka koya muku?"

Na gyara zama. Na ce an koya mana cewa suna iri-iri ne: akwai na yanka kamar Gumel, akwai na gama-gari kamar gari, akwai na taro kamar garke, akwai na abin da ba a gani kamar haƙuri.

"Wannan ai kowa ya sani," in ji shi. "Sai da aka kai ka Gumel?"

Na ce to, akwai tilo da jam'i. A Turanci in abu ya wuce ɗaya sai a ƙara masa s. Taya ɗaya tyre, da yawa tyres.

"Ashe da sauƙi. Mutum fa?"

"Man. In suna da yawa men."

"Ina s ɗin?"

"Wannan ba ya bin ƙa'ida."

"Haƙori?"

"Tooth. Haƙora teeth."

"Shi ma ba ya bi?"

"Ba ya bi."

"Tunkiya fa?"

Nan na san an zo wurin. Na ce sheep.

"Tumaki?"

"Sheep."

Ya ajiye kwalin. "Gobe war haka kasuwar kara za ta cika, tumaki na hawa kan juna, daga Nijar, daga ko'ina. Duk sheep?"

"Duk sheep, Kawu."

"Bature bai taɓa dillanci ba. Ka aiki mutum ya sayo maka sheep, ya dawo da guda ɗaya, wa za ka kama?"

Na ce ai namu ya fi nasu rikici. Akuya awaki, saniya shanu, doki dawaki, tunkiyar ma tumaki, ina ƙa'ida a nan? Ya ce namu a nono ake shan sa, babu wanda aka kai kwaleji kafin ya san shanu. Ya ci gaba da jera fulogansa yana murmushi, alamar ya kayar da ni.

Abin da ya ja mini ke nan. Ban so a tashi hirar ina ƙasa ba. Na miƙe na fita bakin titi, na yafito shi, na nuna masa allon. Na ce ya ga ɗan waƙafin nan na saman part's da tyre's da tube's? Duk shirme ne. Abin da aka rubuta yana nufin wani abu mallakar taya, wani abu mallakar tib, kuma ba a faɗi ko mene ne ba. Ya yi dariya sosai, ya ce to Allah ya sa gida ne da mota tayar ta mallaka.

"Na farkon fa?" ya tambaya. "Shi ma shirmen ne?"

"A'a, shi yana da aiki, don shagon na wani ne. Sai dai wurin da aka sa shi. In aka sa kafin s, brother's, to ɗan'uwa ɗaya ne mai abin. In 'yan'uwa ne su biyu ko fi, sai a sa shi bayan s."

"Nan a ina yake?"

"Kafin s."

"Wato mutum ɗaya."

"A ƙa'ida, i."

"Wanne daga ciki?"

"Allon bai faɗa ba, Kawu."

Ya daɗe yana kallon allon da hannu a goshi saboda rana. Sannan ya yago bakin kwali, ya miƙo mini biro, ya ce in rubuta masa duka biyun, na mutum ɗaya da na mutum biyu. Na rubuta, har da ja musu layi. Ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ni kuwa na koma benci ina jin daɗi, a ganina na samu ɗalibi.

Alhaji ya dawo da yamma, aka sauke kaya lafiya, ba a ce komai ba. Washegari Alhamis garin ya cika. Bayan la'asar shagon na maƙare da 'yan acaɓa da mutanen ƙetare, wani ya leƙo ya ce, "Ina mai shagon?" Kullum haka ake tambaya, kullum kuma ƙaramin kawu yakan nuna Alhaji da baki ya ci gaba da aikinsa. Ran nan sai ya ce da ƙarfi, "Ga shi can a kujera. Ni yaronsa ne. A allo ma haka aka rubuta."

Alhaji ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar ƙanensa sai dariyar ta tsaya a hanya.

"Wane allo?"

Ƙaramin ya zaro guntun kwalin ya shimfiɗa a kan kanta. "Shekara tara, Alhaji. Shekara tara ina shiga ƙarƙashin rubutun da ya ce shagon na mutum ɗaya ne. Da ka gaya mini da baki ai da na san matsayina."

Alhaji ya yi karatun allo mai zurfi, yana rubuta ajami, ya san lambobi, amma boko bai dame shi ba. Ya juya kwalin sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi bai ga bambanci ba. Ya kira ni. "Kai, zo nan. Gaskiya ne abin da yake faɗa?"

Ga ƙofa a buɗe. Da na ce ai kuskuren mai fenti ne, ba ya nufin komai, da an yi dariya an wuce. Amma mutum goma sha wani abu sun zuba mini ido, kuma tun da na gama makaranta ba a taɓa neman fatawata a bainar jama'a ba. Na yi gyaran murya na ce, "A ƙa'idar Turanci dai, Kawu, haka yake nufi."

Wani dattijo daga Damagaram da ya zo sayen sarƙa ya dafa kafaɗata ya ce, "Mushe, mu a wajenmu sai a rubuta wane da 'yan'uwansa da Faransanci, babu mai ƙirga su." A can haka suke kiran malamin makaranta. 'Yan acaɓan namu kuwa mushen da suka sani shi ne wanda ungulu ke sauka a kansa, sai shagon ya kaure da dariya. Sunan ya bi ni har na bar garin.

Kawunnaina ba su yi dariya ba. Alhaji ya tashi, abin da ba ya yi ranar kasuwa, ya ce mu je wajen wanda ya rubuta. Muka bar shagon a hannun maƙwabci muka nufi bayan tasha, ni a tsakiya kamar wanda aka kama da akuyar sata.

Mai fentin dattijo ne gajere, rigarsa ta sha launi har ba a san asalinta ba. Muka same shi a rumfarsa yana rubuta lamba a jikin kurar ruwa. Ya saurari ƙarar har ƙarshe bai ajiye buroshi ba.

"Ɗan kunnen kuke nufi?"

Na ce ba ɗan kunne ba ne, alamar mallaka ce.

"Ni ɗan kunne na sani. Harafin s in ya zo ƙarshe ba a barin sa haka tsirara, ba ya kyau. Wanda ya koya mini aiki haka yake yi." Ya nuna ni da buroshin. "Kai ne ɗan makarantar? Daga Gagarawa Tasha har bakin iyaka, duk allon da ka gani mai kyau hannuna ne. Shekara talatin ina sa ɗan kunne, ba wanda ya mutu."

Alhaji ya ce, "Ka gaya masa abin da na ce ka rubuta."

"Cewa ka yi in rubuta shagon 'yan'uwa ne. Na tuna sarai. Kai kaɗai ka zo, da safe, ka zaɓi shuɗi."

"Ka ji ko," in ji ƙaramin kawu, yana kallona. "Shi kaɗai ya zo. Shi ya zaɓi shuɗi." Ya juya ya tafi.

Kwana goma sha ɗaya ba su yi magana da juna ba, a shagon da faɗinsa bai fi taku shida ba. Ni na zama waya. Ƙaramin zai ce, "Gaya wa mai shago baƙin mai ya kusa ƙarewa," alhali mai shagon na zaune inda numfashinsu ke haɗuwa. Alhaji zai ce, "Gaya masa na ji." A masallaci kowa ya canza gefe. A hankali, ta bakina, sauran maganganun suka riƙa fitowa, waɗanda ba ruwansu da Turanci. Mabuɗin shago ɗaya ne, a aljihun Alhaji yake kwana. Kujera ɗaya ce, ta Alhaji. Kano kullum Alhaji ke zuwa, har dilolin can ba su san yana da ƙane ba. Kalandar da suka buga wata shekara hoton Alhaji ne a jiki, shi kaɗai, yana riƙe da taya. Ni zan ɗauki wannan in kai taku uku, in dawo da amsa: ai shi bai taɓa cewa yana so ba, ai shi ne ya ce mota na sa shi amai, ai ranar ɗaukar hoton cewa ya yi ba ya son hoto.

Abincina ma ya shiga rikicin. Kokon gidan Alhaji ya tsinke, ƙosan ya koma ƙwaya uku. A ɗaya gidan ba a rage mini tuwo ba, amma kawu ya daina ci tare da ni. Na yi tunanin in gudu gida, sai na tuna wadda zan tarar a can.

Ashe ba sai na je ba. Ran kwana na goma sha biyu da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar shagon, Inna ta fito da mayafinta da 'yar jakarta. Labari ya kai mata ta bakin masu zuwa kasuwa. Muka miƙe gaba ɗaya. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba sai da ta tsaya a titi ta ƙare wa allon kallo, ita da ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

"Wanne ne?"

Na nuna mata.

"Wancan ɗan ɗigon? Kamar kashin ƙadangare?"

Na ce shi ne.

"Na turo ka wajen ƙarfe don ƙarfe ba ya jin haushi. Sai da ka nemo masu rai." Ta wuce ciki ta zauna a kujerar Alhaji, ta ce a sauke ƙofa rabi.

Ta sa kowa ya faɗi nasa. Ƙaramin ya fara da allo, ta ce ya bar allo, ya faɗi abin da ke cikinsa. Ya faɗa, da mabuɗi da kujera da Kano da kalanda, yana kallon ƙasa. Ya ce shi ba shagon yake so a raba ba. So yake in an zo an ce ina mai shago, a rasa wanda za a nuna. Alhaji ya cire hularsa yana juya ta a hannu. Can ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ni gani nake na ɗauke maka wahala. Me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Ba ka tambaya ba."

"Yanzu kun gama?" in ji Inna. "To ni ma ina da tambaya. Gonar da aka sayar aka buɗe shagon nan, ta wace ce?"

Suka ce ta Baba ce.

"Ni 'yar wace ce? Na ce muku na bar muku rabona ku ja jari, ban ce ku manta da ni ba. A ina nake a allon?" Ta juyo kaina. "Kai mai Turanci. In 'yan'uwan akwai mace a ciki, me Bature ke cewa?"

Na ce siblings.

"Me?"

Na maimaita.

"Wannan ai sunan maganin tsutsar ciki ne. Bar shi, ba na so. A bar su su biyun."

Alhaji ne ya fara dariya, yana toshe baki da hula. Ƙaramin ya yi ta cijewa har ta ƙwace masa. Inna ba ta yi ba. Ta yanke hukunci a zaune: a yanko mabuɗi na biyu yau ɗin nan; Kano a riƙa zuwa bi da bi; a sayo kujera ta biyu, in ba haka ba ta tafi da wannan Sule Tankarkar kowa ya zauna a benci. Allo kuma a sake shi. Ni zan rubuta a takarda yadda ya kamata, ni zan ɗauko tsani, ni zan riƙe shi har a gama. Ta ci abinci a gidajen biyu, loma daidai da loma, ta hau motar yamma.

Na zauna na tsara rubutun kamar mai amsa jarrabawa. Tun da yanzu suna sayar da injin ban-ruwa da na feshi, na ga ya dace allon ya nuna, ya kuma nuna cewa mai ilimi ne ya tsara shi. Ga abin da na kai wa mai fenti:

BROTHERS' MOTORCYCLE SPARE PARTS, TYRES, TUBES AND FARM EQUIPMENTS

Ya karanta yana taɓe baki. Ya ce s har huɗu ba ɗan kunne, kamar an yi wa amare fashi. Ya ce kuma bai taɓa ganin an sa ɗan kunne a ƙeya ba. Amma ya hau tsanin, ni ina riƙe, fenti na ɗiga a hulata, ina zargin ba duka ne bisa kuskure ba. Kawunnan biyu na zaune a ƙasa, kowa a kujerarsa. Da aka zo kan alamar, ƙaramin ya ce a ƙara mata girma. Aka ƙara. Ya ce a ƙara dai, yadda mai tafiya a babur zai gani. Da aka gama ta kusa kai lauje. Mako guda masu wucewa na tsayawa suna gaya mana mai fenti ya yi kuskure, ai kafin s ake sa wa, haka yake a kowane allo a garin.

Sauran hukuncin Inna kowanne da yadda ya ƙare. Ƙaramin kawu ya je Kano sau biyu. Zuwan farko ya yi amai tun kafin a wuce Gagarawa, na biyu kuma ya dawo da katan ɗin tib da bai shiga tayar kowane babur a Maigatari ba. Daga nan ya ce Alhaji ya ci gaba da zuwa, amma ya riƙa tambayarsa tukuna. Alhaji ya riƙa tambaya, shi kuma ya riƙa cewa je ka. Mabuɗin na biyu, ƙaramin ya ɗaura shi a igiya a wuyansa, mako guda yana riga kowa buɗe shago, sannan ya koma barcinsa na bayan asuba. Kujerar kuwa bai cika zama a kanta ba, don ya saba da tsayuwa, amma babu baƙon da ya isa ya zauna a kai.

Bayan wata biyu takardar ɗaukata aiki ta fito, aka tura ni wata makaranta a Ɗanzomo. Da yamma na shiga gidan ƙaramin kawu yin sallama. Matarsa malamar firamare ce, ta daɗe tana koyarwa tun ina ɗan sakandare, mace mai sanyin magana wadda duk zamana a garin ba mu yi hirar da ta wuce gaisuwa da godiyar tuwo ba. Na same ta a tsakar gida kan tabarma tana duba littattafan yara. Ta yi mini murna, ta sa albarka. Ni kuma bakina bai bar ni ba, na ce ai ko ba komai na bar musu allo mai kyau, kuma abin mamaki shekara tara ba a samu wanda ya lura ba.

"Na lura," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ranar da aka rataya shi na je kai abinci na gani."

"Kin gani, Anti? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ina da aure a gidan."

Ta ja layi a littafin da ke gabanta, ta ɗauki wani.

"Amma dai ka ga ya yi amfani," ta ce. "Kawunka ya fi sakewa yanzu. Ba don ka yi daidai ba ne, Allah ne ya rufa maka asiri." Ta ɗago ta dube ni. "Malam, equipment ana ƙirga shi?"

Nan take na tuna. Akwai sunayen da Turanci ba ya yi wa jam'i ko sun cika ɗaki, irin su furniture da information da luggage. Mun yi su a shekarar farko, na ci jarrabawarsu, na ma taɓa tsayar da wani a Gumel a kan ɗaya daga ciki. Equipment na cikinsu. Ni da hannuna na ƙara masa s, na riƙe tsani aka rubuta shi da farin fenti, harafi kamar tafin hannu, a kan titin da ƙasa biyu ke bi.

Na ce da sassafe zan je wajen mai fenti kafin in hau mota.

"Ka je ka ce masa me? Ya hau tsani ya goge s ɗin da ɗan makaranta ya sa?" Ta rufe littafin. "Kawunka kullum sai ya fita titi ya kalli allon nan kafin ya shiga shago. Ya gaya wa kowa ɗan yayarsa ne ya tsara, babu kuskure ko ɗaya. Advice ma ba shi da jam'i, don haka guda ɗaya zan ba ka: ka hau motarka."

Washegari kawunnan biyu suka rako ni tasha. Alhaji ya cusa mini ledar kilishi, ƙaramin ya riƙe mini jaka har bakin mota, yana gaya wa direba a kula da ni, malamin Turanci ne. Rumfar mai fenti na bayan tashar, ina hango shi yana haɗa launi a gwangwani. Ya ɗaga mini buroshi, na ɗaga masa hannu. Na shiga na zauna a baya tsakanin wata tsohuwa da buhun riɗi, muka kama hanyar Gumel, daga can na nemi motar Ɗanzomo.